Jiniya, shuɗiyar fitila da baƙin gilashi: dalilin da ya sa doka ta keɓe su ga motocin jami'an tsaro

Direba yana tafe da dare a kan titin da babu kowa, sai ya hango shuɗiyar fitila tana walƙiya a madubinsa. Kafin ya gama tunani ƙafarsa ta ɗaga daga totur, hannunsa ya karkata sitiyari zuwa gefen hanya. Bai ga fuskar wanda ke bayansa ba, bai ga kaki ba, balle katin shaida. Fitilar ce kaɗai ta ba shi umarni, shi kuma ya bi. A kan wannan biyayya ta nan take aka gina duk dokokin da suka hana farar hula saka wasu kayayyaki a motocinsu.

Abin da ke rikita mutane shi ne irin wannan fitila, da jiniya, da sitika mai tambarin 'yan sanda, duk ana tallarsu a intanet ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Mutum ya saya da kuɗinsa, ya kai wa mai wayarin ya haɗa masa, bayan mako guda a tsare shi a hanya a ce ya aikata laifi. Tambayar da yake yi tana kan hanya: in haram ne, me ya sa ake sayarwa? In halal ne, me ya sa ake kamawa?

Kayayyakin da ake magana a kai

Ba abu ɗaya ba ne, kuma dalilin hana kowanne daban yake. Rukuni mafi girma shi ne na kayan da ke ba sauran masu amfani da hanya umarni. A nan ake samun fitilar walƙiya shuɗiya ko ja, wadda ake ɗorawa a saman mota ko a ɓoye ta a bayan gilashin gaba ko a cikin ragar hancin mota. Akwai jiniya da lasifikar da ake ba da umarni da ita. Akwai kuma wani haɗin waya da ke sa manyan fitilun gaba su riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya, ta dama ta kama ta hagu ta mutu, abin da a ƙasashe da dama motocin gaggawa ne kaɗai ke da izininsa. Fenti da rubutu da tambarin da ke sa mota ta yi kama da ta hukuma su ma nan suka faɗa, domin ko ba su yi ƙara ba, suna cewa mai motar yana da ikon da ba shi da shi.

Rukuni na biyu na kayan ɓuya ne: gilashi mai duhu sosai, da murfin da ke hana kyamara karanta lambar mota, da na'urar da ke juya lambar ko ta rufe ta da danna maɓalli, da makunnin da ke kashe fitilun baya da na birki baki ɗaya. Wannan na ƙarshe ana samunsa a wasu motocin 'yan sanda don su iya matsowa kusa da wuri cikin dare ba a gan su ba. A motar farar hula kuwa, amfaninsa ɗaya ne, wato ɓacewa daga idon wanda ke biye, kuma mai zuwa daga baya ba zai san an taka birki ba sai ya ji kansa a cikin but.

Na uku shi ne na'urorin da ke kutsawa cikin aikin wasu na'urori, kamar mai juya danja zuwa kore da mai toshe sigina. Su ne mafi ƙarancin gani a ido, kuma hukuncinsu ya fi tsanani a wurare da yawa.

Inda keɓewar ta samo asali

Yarjejeniyar zirga-zirgar kan hanya da aka ƙulla a Biyana a shekarar 1968, wadda ƙasashe da dama suka gina dokokinsu a kanta, ta ɗora wa kowane mai amfani da hanya nauyin ba da wuri, ko tsayawa in ta kama, da zarar motar da ke da fifiko ta kunna fitilarta da jiniyarta ta musamman. Wato doka ta ce wa miliyoyin direbobi su yi biyayya ga wata alama ba tare da bincike ba. Doka ba za ta iya neman irin wannan biyayya ba sai ta ba da tabbacin cewa alamar ba ta hannun kowa da kowa. Wannan ce musayar: kai ka kauce, mu kuma mun yi alkawarin cewa wanda ka kauce wa yana kan aikin ceton rai ne ko na kare doka.

Launin da aka keɓe ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma nan ne masu sayen kaya daga waje ke yawan faɗawa rami. A mafi yawan ƙasashen Turai shuɗi ne. A Jamus an fara amfani da shi tun shekarun 1930, kuma ana danganta zaɓinsa da cewa shuɗin haske ba ya kaiwa nesa zuwa sama, don haka jiragen yaƙin abokan gaba ba sa saurin hango shi. A Japan motocin 'yan sanda ja suke kunnawa, shuɗi kuma an ba wa 'yan sintirin sa-kai na unguwanni waɗanda suka samu takardar izini. A Amurka kowace jiha da tata dokar: a wasu jihohi shuɗi na 'yan sanda ne zalla, a wasu kuma, irin su New York, 'yan kwana-kwanan sa-kai suna da izinin saka shuɗiyar fitila a motocinsu na kansu, amma fitilar roƙo ce kawai, ba ta ba su ikon keta danja ba. A Birtaniya likitan da ke hanyar kai ɗaukin gaggawa koriyar fitila yake kunnawa. Launin da kusan ko'ina aka bar wa farar hula shi ne ruwan ɗorawa, wanda motocin janwe da na gyaran hanya da masu ɗaukar kaya mai faɗi ke amfani da shi. Ma'anarsa "yi hattara da ni" ce, ba "ba ni hanya" ba.

Dokar Jamus ta fito da wani abu da ya kamata a lura da shi. A can shuɗiyar fitila ita kaɗai gargaɗi ce. Sai an haɗa ta da jiniya ne sauran direbobi ke da wajibcin buɗe hanya nan take, kuma ba a yarda a haɗa su ba sai lamarin ya kai na gaggawar gaske, kamar ceton rai ko bin wanda ya gudu. Ke nan har shi jami'in ba a sakar masa mara ba. Kayan na aikin ne, ba na mutumin da ke sanye da kaki ba.

Saye daban, sakawa daban, kunnawa daban

Amsar tambayar da aka fara da ita tana nan. Dokokin hanya galibi suna magana ne a kan motar da ke bisa titin gwamnati, ba a kan abin da ke kan kantar mai shago ba. Fitilar walƙiya tana da masu saye na halal: hukumomin gaggawa, masu shirya finafinai, masu tara tsofaffin motoci don baje koli, da kamfanonin da ke aiki a cikin filayensu na kansu. Shi ya sa mai sayarwa yake rubuta cewa kayan ba na amfani a kan titi ba ne, ya wanke hannunsa, nauyin ya koma kan wanda ya saka.

Daga nan ƙasashe suka rabu. Wasu sai ka kunna ne laifi ya tabbata. Wasu kuwa sakawar ma laifi ce. Dokar fitilun motoci ta Birtaniya ta 1989 ta hana duk motar da ba ta gaggawa ba ɗaukar shuɗiyar fitilar gargaɗi ko wani abu mai kama da ita, ko tana aiki ko ba ta aiki. Mai motar da ya ce ai bai ma haɗa mata waya ba, ko ya ce ado ce kawai, ba shi da mafita a ƙarƙashin irin wannan doka. Hujjar masu dokar ita ce direban da ya hango abin a saman mota ba ya da hanyar sanin ko da waya ko babu, zai rage gudu ya ba da hanya duk ɗaya.

Matakin ƙarshe shi ne wanda ya fitar da lamarin daga laifin hanya ya kai shi babban laifi. Wanda ya kunna fitilar don ya tsayar da wani, ko ya buɗe wa kansa hanya a cunkoso da sunan shi jami'i ne, ya shiga sojan gona, kuma kusan babu ƙasar da ba ta tanadi ɗauri a kan wannan ba.

Abin da sojan gona ya jawo

Masu ganin an cika tsanani sukan ce yawancin masu saka waɗannan kaya matasa ne masu son burgewa, ba 'yan fashi ba. Gaskiya ne. Amma abin da ya faru a lardin Nova Scotia na Kanada a ranakun 18 da 19 ga Afrilun 2020 ya nuna iyakar wannan hujja. Wani mutum ya sayi tsohuwar motar 'yan sanda da aka yi gwanjonta, ya mayar mata da sitika da fitilun saman da aka cire, har ta koma ba ta da maraba da motar rundunar 'yan sandan ƙasar. Ya yi kimanin awa 13 yana yawo yana kisa, mafi yawan lokacin da ita, ya hallaka mutum 22, ciki har da 'yar sanda guda. Motar ce ta ba shi damar ratsa garuruwa ba a tare shi ba, kuma ita ce ta sa mutane ba su gudu ba da suka gan shi. Bayan haka gwamnatin tarayya ta dakatar da sayar da tsofaffin motocin rundunar, lardin kuma ya yi doka a 2021 da ta taƙaita mallaka da sayar da kaki da tambari da kayan motocin 'yan sanda.

A ranar 14 ga Yunin 2025, a jihar Minnesota ta Amurka, wani ya je gidajen 'yan majalisa da tsakar dare cikin shigar ɗan sanda, da baƙar mota mai fitilun walƙiya. Ya kashe Melissa Hortman, tsohuwar kakakin majalisar wakilan jihar, tare da mijinta, ya kuma raunata sanatan jihar John Hoffman da matarsa.

Ɓarnar ba ta tsaya kan waɗanda aka kashe ba. Duk lokacin da irin wannan ta faru, direbobi suna fara shakkar fitilar gaskiya. Mace da ke tuƙi ita kaɗai da dare ta ga walƙiya a bayanta daga motar da ba ta da rubutu, sai ta shiga tsaka mai wuya: in ta tsaya, wataƙila ɗan ta'adda ne, in ta ƙi tsayawa, wataƙila a tuhume ta da guje wa hukuma. Wannan ne ya sa ake ta muhawara a kan ko ya dace motocin 'yan sanda marasa alama su riƙa tsayar da mutane saboda ƙananan laifukan hanya. Masu goyon baya suna cewa da su ake kama masu tuƙin ganganci da masu latsa waya a kan sitiyari, waɗanda ke nutsuwa da zarar sun hango mota mai fenti. Masu adawa suna cewa kowace irin wannan tsayarwa tana koya wa jama'a tsayawa ga kowace mota mai fitila, wanda shi ne abin da ɗan sojan gona yake nema.

Na'urorin da ido ba ya gani

A biranen da ke da tsarin ba motocin gaggawa fifiko a danja, ana ɗora wata 'yar na'urar karɓar haske a jikin sandar danja. Motar asibiti ko ta kwana-kwana tana ɗauke da fitila mai ƙyaftawa da wani takamaiman sauri, kusan sau 14 a daƙiƙa guda a tsarin da ya fi yaɗuwa a Amurka. Da na'urar ta gane ƙyaftawar, sai ta ba wa hannun motar kore, ta tsayar da sauran. Da aka fara sayar da kwaikwayon wannan fitila ga duk mai kuɗi, majalisar dokokin Amurka ta sa baki a 2005: mai sayarwa ga wanda ba shi da izini zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara guda, mai amfani da ita kuma wata shida. Haɗarin a fili yake. Danjojin babban titi a jere suke aiki, kowace tana jiran ta gabanta, kuma mutum ɗaya da ya karya jerin ya dagula mahaɗa da yawa. In kuma ya yi karo da motar asibiti da ke neman kore daga ɗaya hannun, to ya ƙwace mata daƙiƙoƙin da aka yi tsarin dominsu. Sababbin tsare-tsare sun koma amfani da lambar sirri ko bayanan tauraron ɗan adam don rufe wannan ƙofa.

Na'urar toshe sigina kuwa matsalarta ita ce ba ta san iyakar motar mai ita ba. A 2012 an gano cewa wata 'yar ƙaramar na'ura da wani direba ya saka a motar aiki, don kada kamfaninsa ya san inda yake, tana dagula wani tsarin saukar jirage da ake gwadawa a filin jirgin saman Newark. Hukumar sadarwa ta Amurka ta sanya masa tarar da ta kusa dala 32,000. A Amurka ko 'yan sandan jiha ba su da izinin amfani da na'urar toshe sigina, sai wasu hukumomin tarayya. Ya kamata a bambanta ta da na'urar da ke faɗakar da direba cewa akwai mai auna gudu a gaba, wadda saurare kawai take yi. Wannan halal ce a ƙananan motoci a yawancin jihohin Amurka ban da Virginia da birnin Washington, amma haram ce a Faransa.

Gilashi da bamba, inda layin ba ya fita sosai

Babu wanda zai kawo hujjar saka jiniya a motar kai yara makaranta. Duhun gilashi kuwa yana da masu buƙatarsa na gaskiya: yana rage zafin rana, yana kare masu cutar fata ko ta ido, yana hana ɓarawo leƙa abin da ke kan kujera. Shi ya sa yawancin ƙasashe ba su hana shi gaba ɗaya ba, ma'auni suka sa. A Birtaniya gilashin gaba dole ya bar kashi 75 cikin ɗari na haske ya ratsa, na gefen direba da na mai zaman gaba kashi 70, na baya kuma babu ƙayyadewa. Jami'i yana sauke gilashin rabi, ya maƙala wata 'yar na'ura mai baki biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje, lamba ta fito. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne gilashin da ya fito daga kamfani ma yana da ɗan duhunsa, don haka ko siririyar leda aka liƙa tana iya sauke shi ƙasa da ma'auni.

Indiya ta ɗauki hanya mai tsauri. A 2012 kotun ƙolin ƙasar ta hana liƙa kowace irin leda a gilashin mota, bisa hujjar cewa ana aikata garkuwa da mutane da fyaɗe a cikin motoci masu duhu, ta bar ƙofa ga motocin hukuma na waɗanda ke ƙarƙashin tsaro na musamman. 'Yan sanda a ko'ina suna da tasu hujjar: jami'in da ke tunkarar mota yana son ganin hannuwan waɗanda ke ciki. Mai tafiya a ƙasa ma yana son haɗa ido da direba kafin ya tsallaka. Masu suka kuma suna cewa dokar duhun gilashi ta zama sandar da ake tsayar da duk wanda aka ga dama da ita, kuma mai laifin gaske ba leda ce ke hana a kama shi ba. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, kuma inda aka fi samun sauƙin rikicin shi ne inda akwai ma'auni a rubuce da na'urar aunawa, ba ƙiyasin idon jami'i ba.

Ƙarfen da ake ɗaurawa a gaban motar 'yan sanda aikinsa ture motar da ta mutu daga tsakiyar titi, da kuma dungurar gefen bayan motar mai gudu don ta juya ta tsaya. A motar farar hula ba ko'ina aka hana shi ba, amma yana lalata aikin da injiniyoyi suka yi na sa gaban mota ya lotsa ya shanye ƙarfin karo. Yaron da aka buge da bamba mai laushi da wanda aka buge da bututun ƙarfe ba rauni ɗaya za su ji ba. Tarayyar Turai ta sa ƙa'ida a 2005 cewa sai irin wannan ƙarfe ya ci gwajin kare masu tafiya a ƙasa, Indiya kuma ta umarci jihohinta a ƙarshen 2017 su hukunta masu saka shi.

Idan manya ne ke karya ƙa'idar

Ba matasa masu son ado kaɗai ke rage wa jiniya daraja ba. A ƙasashe da yawa masu muƙami da attajirai ne suka fi cin moriyarta, wani lokaci da izinin doka. A Rasha abin ya kai direbobin Mosko suka fara zanga-zanga a 2010 ta hanyar ɗaura shuɗin bokitin wasan yara a saman motocinsu, suna kwaikwayon fitilar manyan jami'ai da ke bi ta hannun da ba nasu ba. A 2012 fadar shugaban ƙasar ta rage adadin motocin da ke da izinin. Indiya ta wuce nan: daga 1 ga Mayun 2017 ta cire jar fitila daga motocin dukkan masu muƙami, har da shugaban ƙasa da firaminista, ta bar fitilar walƙiya ga motocin gaggawa kaɗai.

Masu kare ayarin manya suna cewa motar da ta tsaya cikin cunkoso ta fi sauƙin kai wa hari, kuma wannan gaskiya ne ga 'yan ƙalilan. Amma sakamakon a kan titi ɗaya ne da na fitilar bogi. Direban da ya kauce sau goma ya ga ba kowa ba ne sai mai sauri zuwa liyafa, a karo na goma sha ɗaya zai yi jinkiri, kuma wataƙila a wannan karon mai naƙuda ce a ciki.

Abin da ya shafi mai mota

Hukuncin da aka fi gani shi ne tara, da umarnin cire kayan nan take, wani lokaci da tsare motar. Akwai kuma asarar da ba a cika lissafawa ba. Motar da aka yi wa haramtaccen gyara tana iya faɗuwa a gwajin lafiyar mota, kuma kamfanin inshora yana iya ƙin biya bayan haɗari idan ba a sanar da shi gyaran ba. Wanda ya sayi tsohuwar motar 'yan sanda ko ta asibiti a gwanjo, nauyin tabbatar da an cire rubutu da fitila da jiniya yana komawa kansa da zarar ya hau titi, ko da ragowar waya ce da makunni aka manta a ƙarƙashin dashbod. Mai tsallaka iyaka da mota kuma dokar ƙasar da ya shiga ce ke kansa, ba ta inda aka yi wa motar rajista ba, musamman a kan na'urorin gano mai auna gudu.

Ga wanda motar da ba ta da alama ta kunna wa fitila a wurin da babu mutane, shawarar da rundunonin 'yan sanda da dama ke bayarwa kusan iri ɗaya ce. Kada ya ƙara gudu, domin wannan ne ke mayar da shakka ta zama tsere. Ya rage gudu, ya kunna fitilun gargaɗi na gefe huɗu don a san ya gani, ya kira lambar gaggawa ya faɗi inda yake da irin motar da ke bin sa, ya nufi wuri mai haske da jama'a kamar gidan mai ko ofishin 'yan sanda. In ya tsaya, ya bar ƙofofi a kulle, ya sauke gilashi kaɗan, ya nemi ganin katin shaida kafin ya kashe mota.